Abin da doka ta tanada kafin a zuba kankaren fila

A Najeriya, mai fili ba shi da hurumin ya kira birkila da leburori kawai ya ce a zuba filar bene, wato ginshiƙin kankare da ke ɗauke da ginin. Dokar tsara birane ta 1992 ta wajabta samun izini kafin a fara gini, kuma tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 jihohi ne ke riƙe da wannan iko: ta hannun hukumominsu na tsara birane, irin KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Mai son gina bene sai ya kawo zanen da injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ya sa wa hannu, wanda ya nuna faɗin kowace fila, rodi nawa za a sa mata, kaurinsu, da ƙarfin kankaren da ake buƙata.

Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da ya fito a 2006 ya ƙara da cewa sa ido a kan masu aikin hannu nauyi ne na magini mai rajista da CORBON, hukumar rajistar magina, kuma a kowane mataki ƙwararre ne zai sa hannu ya shaida an bi zane. Sai dai kundin ba ya hawa kan kowa da kansa, sai jiha ta mayar da shi dokarta, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Dalilin wannan tsauri a fili yake. Da zarar kafinta ya rufe rodi da katako aka zuba kankare, babu wanda zai sake ganin cikin filar nan, ko rodi shida aka sa ko huɗu.

Sai batun siminti. A 2014 hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta ce siminti mai lambar ƙarfi 32.5 na filasta ne, 42.5 na fila da dakin (rufin kankare) da bulo, 52.5 kuma na manyan ayyuka irin gada. Wasu kamfanonin siminti sun ja da wannan, suna cewa ha'inci wajen kwaɓi ne ke kayar da gini ba lamba ba. Maganarsu ba ta rasa gaskiya, amma lambar tana jikin buhu, duba ta ba ya cin ko sisi.

Ha'incin kuwa a gaban mai gida ake yin sa. In zane ya ce 1:2:4, wato siminti kashi ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, buhu ɗaya mai kilo 50 zai ci kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, ba goma sha biyu na tsakuwa ba. Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Leburori sun fi son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya gangara cikin katako ba wahala, alhali duk bokitin da aka ƙara ƙarfin filar yake ragewa. Haka kuma ba a jefo kankare daga can sama fiye da kamar mita ɗaya da rabi, domin tsakuwa za ta rabu da siminti ta taru a gindi. Ana zubawa kashi-kashi ana girgizawa da inji, bayan an sa biskit, wato 'yan ƙananan gutsattsarin kankare, tsakanin rodi da katako don kankare ya lulluɓe ƙarfen kada ya yi tsatsa. In aka cire katako aka ga ramuka kamar saƙar zuma, rodi na leƙowa, aikin injiniya ne ya duba. Shafe shi da filasta kafin mai gida ya iso ɓoye laifi ne. Bayan nan sai ban ruwa na aƙalla kwana 7, a naɗe filar da jiƙaƙƙen buhun algarara, musamman lokacin hunturu da iska ke busar da komai nan take.

Hukuma na da ikon dakatar da aiki, ta shafa jan fenti a bango, har ta rushe ginin da ba shi da izini. Mai gida kuma yana da haƙƙin ya nemi gwaji: a ɗebi kankaren ranar zubi a zuba a ƙaramin akwati mai milimita 150 ta kowane gefe, a kai ɗakin gwaji a matse shi a kwana na 7 da na 28. In sakamakon bai kai abin da zane ya nema ba, injiniya zai sa a huda filar a sake gwadawa, ko a fasa ta a sake zubi kafin a ɗora dakin a kanta.