Ɗaukewar numfashi a cikin barci da mantuwa

Ɗaukewar numfashi a cikin barci lalura ce da numfashin mutum ke tsayawa na daƙiƙa 10 ko fiye yana barci, sau da yawa a dare ɗaya. Nau'in da ya fi yawa na faruwa ne idan naman maƙogwaro da tushen harshe suka saki suka toshe hanyar iska. Likitoci na ƙirga tsayawar a kowace awa: 5 zuwa 14 mai sauƙi ce, 30 zuwa sama mai tsanani. Ƙiba, kaurin wuya, tsufa da shan giya duk suna ƙara haɗarinta.

Mai lalurar ba kasafai yake sani ba. Na kusa da shi ne ke jin minshari mai ƙarfi, sai shiru, sai kuma ya ja numfashi da ƙarfi kamar an shaƙe shi. Da safe ya tashi da bushewar baki da ciwon kai, ya wuni yana gyangyaɗi.

Illar ga ƙwaƙwalwa ta hanya biyu take zuwa. Duk lokacin da numfashi ya tsaya, ƙwaƙwalwa kan farkar da mutum na ɗan ƙiftawar ido don ya buɗe maƙogwaro, barcin kuma ya kasa yin nauyi. A cikin barci mai nauyi ne sashen ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas ke maimaita abin da aka koya da rana, ya miƙa shi ma'ajiya mai ɗorewa. Idan ana ta katse wannan aiki, abin da aka karanta jiya sai ya zube. Ga kuma raguwar iskar oksijin a jini, wadda hifokamfas ba ya jure wa sosai. Abin da aka fi gani shi ne raunin mayar da hankali da wahalar riƙe sabon bayani. Tsofaffin abubuwa yawanci suna nan. An sami alaƙa tsakanin lalurar da ciwon mantuwa na tsufa, amma alaƙa kawai ba ta isa a ce ita ce sanadi ba.

Maganin da aka fi sani shi ne na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Ostareliya a 1981. Tana hura iska ta takunkumin hanci, maƙogwaro ya zauna a buɗe. Gyangyaɗin rana yakan ragu da wuri, amma dawowar kaifin tunawa tana bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma da yawa na cire takunkumin tsakar dare saboda takura.