Ina kuɗin tallafin abinci ke tafiya?

A majalisun Tudun Wada da Sabon Gari nan Zariya, da an taɓo zancen tallafi sai ka ji wani ya ce, "Ai in ka ba talaka kuɗi, taba zai saya ko ya ƙara aure." Maganar nan ta daɗe, kuma tana ci mini rai.

A 2014, masana biyu na Bankin Duniya, David Evans da Anna Popova, sun tattara bincike daga Afirka, Asiya da Latin Amurka. Ba su ga tallafin kuɗi ya ƙara sayen giya da taba ba. A wurare da dama ma raguwa ya yi.

A Amurka kuwa, katin tallafin abinci da gwamnati ke bai wa masu ƙaramin ƙarfi, wanda ake kira SNAP, ba ya sayen giya ko sigari sam. Rahoton ma'aikatar noma ta ƙasar na 2016 ya nuna cefanen masu katin kusan ɗaya yake da na sauran gidaje: nama, madara, burodi, kayan lambu, har da lemon kwalba da ake yi musu gori a kai, wanda maƙwabtansu ma suna sha.

Uwar marayun da ta karɓi tallafi, mudun masara da manja take fara tambaya a kasuwa.