Waiwaye: Yadda kaya masu nauyi suka sauka daga dogo suka hau titunan Kaduna

Layin dogo ya girmi birnin Kaduna. Aikin shimfiɗa shi daga Baro, a bakin kogin Neja, ya fara a 1907, ya ratsa ta bakin kogin Kaduna, ya isa Kano a 1911. Sai a 1917 Turawan mulkin mallaka suka tashi daga Zungeru suka dawo da hedikwatar Arewa nan. A 1927 layin gabas daga Fatakwal ya iso ta Kafanchan, Kaduna ta zama mahaɗa.

Don kaya aka yi wannan dogo, fasinja daga baya ne. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga ake lodawa a taragu zuwa bakin teku. Da masaƙar Kakuri ta fara aiki a 1957, unguwanni suka yi ta tsirowa a gefen layin, mutane suka saba da jiniya da girgizar ƙasa in jirgi zai wuce.

Hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta fara durƙushewa tun shekarun 1970. Jirage suka yi ƙaranci, kaya suka koma kan tirela. Masu tireda da masu gini suka matso har bakin ƙarfe, wanda ya san Kasuwar Bakin Dogo ya san haka.

A daidai lokacin ne garin ya buɗe, Rigasa da Mando da Sabon Tasha suka cika, kowa na neman yashin buga bulo. Kogin Kaduna ne ya ɗauki nauyin. 'Yan yashi na shiga da kwalekwale, su yi nutso da bokiti, su cika shi har ruwa ya kusa shafar bakinsa, su juye a gaɓa, 'yan lodi su watsa wa tifa da shebur. Sana'a ce da ke ciyar da gidaje da dama, babu mai musun wannan. Amma tifar da ta taso da jiƙaƙƙen yashi ba ta da hanya sai ta cikin unguwa. Ruwa na tsiyaya daga bodinta yana cin kwalta, da rani kuma ƙura ta tashi ta sauka kan tiren mai ƙosai. A bakin kogi gaɓa na zaizayewa, masu lambu na rasa ƙasa, ramukan da aka haƙa a cikin ruwa kuma haɗari ne ga yara masu wanka.

Wa za a kai wa kuka? A tsarin mulki, ma'adinai na hannun gwamnatin tarayya, Dokar Ma'adinai ta 2007 ce ke ba da lasisi. Ƙasa kuwa, bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, tana hannun gwamna. Mai unguwa da ya fi kowa ganin ɓarnar ba shi da ta cewa a takarda.

Sabon jirgi ya zo a Yulin 2016, da layin Abuja zuwa Rigasa mai tsawon kilomita 186 wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. A Janairun 2018 aka buɗe tashar sauke kaya ta tsandauri a Kakuri, a 2021 aka aza harsashin layin Kaduna zuwa Kano. Shi kansa wannan aikin yashi da tsakuwa yake ci, kuma a tifa ake kai su.

A ganina mayar da kaya masu nauyi kan dogo zai sauƙaƙa wa tituna. Sai dai tsohon layin da ya ratsa tsakiyar gari yanzu gidaje da kasuwanni sun kewaye shi, mararrabu da yawa babu shinge babu mai tsaro. Tun Maris ɗin 2023, gyaran tsarin mulki ya bai wa jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa, don haka wannan ƙorafin ana iya kai shi Gidan Sir Kashim Ibrahim, fadar gwamnatin jihar Kaduna.