Manoma a Cikin Gandun Kamfani: Na Wane Ne Dajin Indonesiya?

Ta yaya manomi yake tsintar kansa a cikin filin kamfani?

Tushen lamarin shi ne dokar gandun daji ta 1967, a farkon mulkin Suharto, tsohon shugaban Indonesiya, wadda ta ba gwamnati ikon ayyana ƙasa a matsayin dajin hukuma. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar Indonesiya ya shiga wannan rukuni, kuma galibi a ofis aka shata iyakokin bisa taswira, ba tare da an taka ƙafa an ga ƙauyukan da ke ciki ba. Daga wannan fili ake yanka wa kamfanoni dubban hektoci don dasa itacen akasiya na yin takarda, wani kuma a fitar da shi don noman kwakwar manja. Mutumin da kakansa ya dasa itacen roba a wurin sai ya wayi gari ana ce da shi ya yi kutse.

Su wane ne suke sare dajin?

Ba iri ɗaya ba ne. Akwai 'yan asalin wurin, kamar al'ummar Batin Sembilan a lardin Jambi na tsibirin Sumatra, akwai baƙi masu neman gona daga tsibirin Java, akwai kuma masu hannu da shuni da ke zaune a birni suna biyan 'yan ƙodago su yi musu saran.

Me ya sa rashin tabbas yake ƙara yawan saran?

Domin inda babu takardar mallaka, gatari ne yake zama shaida. Dajin da aka bari a tsaye, a idon hukuma fili ne da babu mai shi, gobe ana iya kawo buldoza a share shi. Amma wanda ya sare hekta biyu, ya cinna wuta, ya jera dashen kwakwa, ya kafa bukka a gefe, ya samu abin nunawa ranar da za a yi maganar diyya. Sau da yawa abin da yake riƙe da shi wasiƙa ce daga shugaban ƙauye mai hatimi da sa hannu, wadda maƙwabta suke girmamawa amma ba ta kai matsayin takardar mallaka ba. A ganina, zalunci ne a kama wannan manomi a bar wanda ya sayar masa da filin da wanda ya ba da lasisi a kan ƙauye mai mutane.

Shin kotu ta warware matsalar?

A watan Mayun 2013, bayan ƙarar da ƙungiyar 'yan asalin ƙasa ta AMAN ta shigar, Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukuncin cewa dajin gargajiya ba dajin hukuma ba ne. Sai dai kafin a miƙa wa al'umma dajinta, dole ne hukumar yankinta ta amince da ita a rubuce, kuma wannan kan ɗauki shekaru. Gwamnatin tsohon shugaban ƙasa Joko Widodo ta yi alkawarin ware hekta miliyan 12.7 don al'ummomi su kula da su, amma yawancin wannan izinin amfani ne na shekara 35, ƙasar kuwa tana nan a hannun hukuma.