Kisan ƙare dangi ko kisan kiyashi? Bambancin yana cikin niyya

Tun da Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila kotun duniya a Disamban 2023, kalmar kisan ƙare dangi ta zama ruwan dare. An kashe mutum talatin a kasuwa, mai labarai ya ce ƙare dangi. Ɗan siyasa ya fusata, ƙare dangi. Wasu ma rubutawa suke ba lanƙwasa, sai ta koma "kare dangi", wato ba su kariya. Ƙugiya ɗaya ta juya ma'anar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake gwama ta da kisan kiyashi. Kiyashi maganar yawa ce: an hallaka jama'a kamar an taka ƙananan tururuwa. Ƙare dangi maganar niyya ce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 9 ga Disamba 1948 ta ce sai an nufi shafe wata al'umma, duka ko sashenta, saboda ƙasarta, ƙabilarta, launin fatarta ko addininta. Raphael Lemkin, lauya Bayahude ɗan Poland wanda ya rasa dangi 49, shi ya ƙirƙiro kalmar "genocide", wadda muke fassarawa da ƙare dangi, a 1944. A ganina fassararmu ta fi tasa faɗa, don Bahaushe ya san dangi ba sa ƙarewa sai an taɓa mata da yara.

Ga inda abin ya fito fili. A Yunin 1941 Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet. Bayan sojoji akwai wasu runduna huɗu na 'yan sandan tsaro da jami'an leƙen asirin SS (dakarun jam'iyyar Nazi ta Hitler), kimanin mutum 3,000, ana ce musu Einsatzgruppen. Da fari galibi maza Yahudawa suke harbewa, suna fakewa da sunan tsaro. Zuwa Agusta suka haɗa da mata da jarirai. A ramin Babi Yar, bakin birnin Kyiv, sun harbe 33,771 cikin kwana biyu, 29 da 30 ga Satumba. Ba ƙiyasi ba ne, su suka ƙirga suka aika Berlin. Wani kwamandansu a Lithuania, Karl Jäger, ya jera nasa kamar littafin ɗan tireda: kwanan wata, gari, maza kaza, mata kaza, yara kaza, jimilla 137,346.

Rahotannin da suka riƙa aikawa Berlin su suka kai su ƙasa. A 1947 Benjamin Ferencz, matashin lauya daga Amurka ɗan shekara 27, ya gurfanar da shugabanninsu a Nuremberg, ya gama gabatar da hujjojinsa cikin kwana biyu. Otto Ohlendorf, masanin tattalin arziki da ya jagoranci runduna ta huɗu, bai musa cewa mutanensa sun kashe kusan 90,000 ba. Da aka tambaye shi laifin yara, sai ya ce za su girma, kuma wanda aka kashe iyayensa haɗari ne nan gaba. To ka ji ƙare dangi daga bakin mai shi. Ba abin da yaron ya aikata ake dubawa ba, ana tsoron ya rayu ne. Abin takaici, shi Ohlendorf cewa yake ƙasarsa yake karewa, wato ya cire ƙugiyar ke nan.

Don haka yawan gawa kaɗai ba ya tabbatar da laifin. Waɗanda aka kashe a garin Srebrenica na ƙasar Bosniya kusan 8,000 ne, kotu ta ce ƙare dangi ne. Wani kisan ya ninka haka, ana kiransa cin zarafin bil'adama, kuma wannan ba ƙaramin laifi ba ne, ko da yake masu sharhi na ɗaukarsa kamar ragi aka yi musu. Su kansu mutanen Ohlendorf da laifin cin zarafin bil'adama aka kama su, don a lokacin yarjejeniyar ba ta wanzu ba tukuna.

Hukuncin fa? Cikin 22 da aka yanke wa hukunci a Afrilun 1948, 14 kisa aka ce. Huɗu kawai aka rataye, a kurkukun Landsberg, ranar 7 ga Yuni 1951, cikinsu har da Ohlendorf da Paul Blobel, wanda ya jagoranci kisan Babi Yar. Sauran an yi ta sassauta musu, zuwa 1958 duk sun koma gida. Jäger kuwa ya zauna a Jamus da sunansa na gaskiya, ba wanda ya taɓa shi sai 1959.