Waiwaye: Yadda masu kuɗi suka mamaye ƙuri'ar raba gardama a Kalifoniya

A Amurka akwai jihohi sama da 20 da talaka zai iya kawo doka da kansa ba sai ta hannun 'yan majalisa ba. Ka rubuta ƙudurinka, ka tara sa hannun jama'a adadin da doka ta ce, shikenan a sa shi a takardar zaɓe mutane su ce e ko a'a. South Dakota ce ta fara a 1898, Oregon ta biyo a 1902, Kalifoniya kuma ta shigo a 1911 zamanin gwamna Hiram Johnson. Kuma dalilin da ya sa aka kawo tsarin a Kalifoniya shi ne ya fi ci min rai, don a lokacin kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ne ke juya majalisar jihar yadda ya ga dama, shi ya sa aka ce to bari a ba jama'a hanyar da za su tsallake 'yan majalisar da aka saye.

To ina aka kwana? Kotun Ƙolin Amurka ce ta riƙa buɗe wa masu kuɗi ƙofa ɗaya bayan ɗaya. A 1978 a shari'ar wani banki na Boston da Bellotti, babban lauyan jihar Massachusetts, ta ce kamfanoni suna da 'yancin kashe kuɗi a kan ƙuri'ar raba gardama. A 1981 birnin Berkeley da ya ƙayyade cewa mutum kar ya ba kwamitin kamfe fiye da dala 250, kotu ta soke wannan iyakar. Hujjarsu wai ɗan takara ake iya saye da kuɗi, ƙuduri kuwa ba mutum ba ne balle ya karɓi cin hanci. Sai a 1988 suka soke dokar Colorado da ta hana biyan masu tara sa hannu. Wannan na ƙarshen fa ya ƙara tabbatar da abin a matsayin kasuwanci, don yanzu a Kalifoniya sai ka ga mutum tsaye a bakin babban kanti riƙe da takardu yana tare masu fitowa da kaya, ana biyansa kan kowane sa hannu da ya samo, sau da yawa ma ƙudurin bai dame shi ba. A 2020 sai ka tara sa hannu sama da dubu 620 cikin kwana 180 kafin ƙudurinka ya hau takardar zaɓe, ka gaya min wace ƙungiyar unguwa ce za ta iya wannan da 'yan sa kai kaɗai.

Wanda ya fi fito da abin fili shi ne ƙuduri mai lamba 22 na 2020. Majalisar jihar ta yi doka a 2019 wadda za ta tilasta wa kamfanoni irin su Uber da Lyft su ɗauki direbobinsu a matsayin cikakkun ma'aikata masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutun rashin lafiya. Kamfanonin suka ƙi, suka haɗa kai da kamfanonin kai abinci da kaya gida DoorDash da Instacart suka rubuta tasu dokar da za ta bar direbobin a matsayin 'yan kwangila suka kai wa jama'a, suka zuba sama da dala miliyan 200, su kuwa ƙungiyoyin ƙwadago da ke adawa abin da suka tara bai wuce wajen miliyan 20 ba. Kuma ba tallan talabijin kaɗai ba, ka buɗe manhaja za ka kira mota sai saƙo ya fito yana ce maka ka zaɓi e, direban ma haka yake gani a wayarsa, har jakar kawo abinci an buga mata tallan. Ƙudurin ya wuce da wajen kashi 58 cikin ɗari. Sannan suka saka wani sharaɗi a ciki cewa majalisa ba ta da ikon gyara shi sai kashi bakwai cikin takwas na 'yan majalisa sun yarda, wanda kowa ya san kusan ba zai taɓa yiwuwa ba. Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne, kamfani ya rubuta wa kansa doka sannan ya kulle ta.

Amma gaskiya kuɗi ba kullum yake ci ba. A 2022 an kashe sama da dala miliyan 400 a rikicin halatta cacar wasanni tsakanin kamfanonin caca na intanet da ƙabilun 'yan asalin Amurka masu gidajen caca, kuma ƙudurorin biyu, na kamfanonin da na ƙabilun, duka suka faɗi warwas, na kamfanonin ko kashi 20 bai samu ba. Inda kuɗi ya fi tasiri shi ne wajen kashe ƙuduri, don in ka rikita mutum da talla har ya rasa gane komai to a'a zai dangwala. Kamfanonin wankin ƙoda DaVita da Fresenius sun yi haka har sau uku, a 2018 da 2020 da 2022.

Shi kuma ƙuduri na 22 an kai shi kotu, wani alƙali a gundumar Alameda ya ce ya saɓa wa tsarin mulkin jihar a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 2023, sannan a Yulin 2024 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta tabbatar da shi. Har yau direbobin nan 'yan kwangila ne a idon doka.