Mece ce "heavy metal", kuma me ya sa ake yawan ambaton faifan farko na Black Sabbath?

Lokacin da mawaƙin nan ɗan Ingila Ozzy Osbourne ya mutu a ranar 22 ga Yuli 2025, kalmar "heavy metal" ta cika kafafen labarai, mu kuwa da yawa muka karanta muka wuce ba mu san abin da ake nufi ba. A zahirin Turanci ma'anarta ƙarfe mai nauyi. Haka masana kimiyya ke kiran irin su dalma, wadda gubarta ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Amma a bakin masu kiɗa, suna ne na wani reshe na kiɗan rok mai tsananin ƙara.

Abin da ke bambanta shi ba wuya a gane. Ana haɗa jitar lantarki da na'urar ƙara sauti, a ƙure ta har sautin ya yi kauri da kaushi, kamar injin niƙa ya kama tsakuwa. Sai a ɗauki ɗan gajeren kiɗa a yi ta nanata shi, kamar yadda 'yan amshi ke riƙe baiti ɗaya, ganguna na dukan ƙirji, mawaƙi kuma na ɗaga murya don ya tsallake hayaniyar. Wannan ɗan kiɗan da ake nanatawa shi suke kira "riff", kuma shi ne ƙashin bayan abin gaba ɗaya.

To ina Black Sabbath ta shigo? Samari huɗu ne daga unguwar Aston a Birmingham, garin masana'antu da hayaƙi: Ozzy a waƙa, Tony Iommi a jita, Geezer Butler a jitar bas, Bill Ward a ganguna. A da Earth suke kiran kansu, sai suka tarar wata ƙungiya na da sunan, suka ari na wani fim ɗin ban tsoro na 1963. Faifansu na farko, wanda shi ma Black Sabbath suka raɗa masa, ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1970 a ƙarƙashin kamfanin Vertigo. Faifan farko na mawaƙi shi Turawa ke kira "debut album", wato wanda ya buɗe masa kasuwa, kuma wannan ɗin ne mafi yawan masu tarihin kiɗa ke lissafawa a matsayin mafarin heavy metal.

Wurin da na fi son labarin shi ne hannun Iommi. Yana ɗan shekara 17 yana aiki a masana'antar yanka ƙarfe, a ranarsa ta ƙarshe a wurin, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuwa bahago ne, da wannan hannun yake danne tsirkiya. Kowa ya ɗauka shi da jita sun yi ban kwana. Sai ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya ƙera wa yatsun 'yan huluna, ya liƙa musu fata don kada su zame. Ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya ma ya sassauta ɗaurinsu saboda zafi, sautin kuwa ya ƙara faɗawa ƙasa, ya yi nauyi. Ba wannan ne asalin sunan kiɗan ba, don kalmar ta riga ta fara yawo kafin faifan, amma abin ya zo daidai kamar an tsara.

A rana ɗaya suka naɗi faifan, a wani ɗakin naɗar sauti a Landan cikin Oktoba 1969, kusan yadda suka saba bugawa a mashayu. Yana buɗewa da ruwan sama, tsawa da ƙararrawar coci, sannan jita ta faɗo da wani haɗin sauti mai tayar da tsikar jiki, wanda tun da daɗewa makaɗan Turai ke yi wa laƙabi da shaiɗan a cikin kiɗa. Daga nan ne zargin bautar shaiɗan ya fara bin su, hoton bangon faifan kuma, wata mace cikin baƙaƙen kaya tsaye gaban tsohon gini, ya ƙara wa wutar fetur. A ganina tallan ya fi aƙidar yawa: sun lura mutane na biyan kuɗi a tsorata su a silima, suka ce bari su gwada da kiɗa. Mai waƙar farkon ma tsoron abin yake yi, yana neman taimakon Ubangiji.

Masu sharhin jaridu sun yi wa faifan kaca-kaca, har da mujallar Rolling Stone ta Amurka. Matasa ba su saurare su ba. Ya kai matsayi na 8 a jerin faifan da aka fi saye a Birtaniya, na 23 a Amurka. Bayansu ƙungiyoyi irin su Judas Priest, su ma 'yan Birmingham, da Iron Maiden daga Landan, da Metallica daga Amurka suka ɗora, kowa da nasa saurin da nasa kaushin.

Mutanen huɗu sun sake haɗuwa a karo na ƙarshe ranar 5 ga Yuli 2025 a filin ƙwallon Villa Park, cikin unguwar da suka tashi. Ozzy a zaune ya yi waƙa saboda ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, kwana 17 kafin mutuwarsa.